Dokta Rahmatu da Gashin Bakin Kyanwa

Kafin motoci su cushe titin filin jirgi, Dokta Rahmatu Saleh ta riga ta bar gidanta da ke unguwar Lugbe. Da ta shiga ɗakin bincike, ma'aunin sanyi take fara dubawa, domin in an ɗauke wuta ɗakin ya ɗumama, aikin watanni ya bi ruwa. Sannan ta zauna gaban madubin ƙara girma tana leƙa ɗigo bayan ɗigo. Yawancin ranaku ba komai a ciki.

A jikin fatar ƙwayar cutar maleriya akwai wani furotin, ƙofar da abinci ke shiga. In an san siffar ƙofar, ana iya haɗa maganin da zai toshe ta. Sai dai siffar ba ta ganuwa sai furotin ɗin ya daskare ya zama kiristal, kamar ƙwayar gishiri, a kai shi ƙasar waje a haska. Shi kuwa taurin kai gare shi, da an raba shi da fatar sai ya lalace. Abokan karatunta sun zama daraktoci, ita tana nan tana lallashin abin da ido ba ya gani.

Maƙwabciyarta Alice ta taɓa kama ta tana tsintar gashin bakin kyanwa a tabarma.

"Dokta, ke ma kin fara aikin boka ne?"

Ba aikin boka ba ne, dabarar masu sana'ar ce. Da gashin ake taɓo ɓurɓushin kiristal, a ja shi a sabon ɗigo, a shuka iri.

A shekarar da za ta yi ritaya irin ya kama. A daidai lokacin aka yi wa ɗalibarta ta ƙarshe, Mashkura, tayin aiki a wata ma'aikata. In ta tafi, ɗakin ya rufe ke nan. Ranar da za a tsamo kiristal ɗin da Dokta ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jira, sai ta miƙa wa Mashkura ɗan tsinken da ake tsamo shi da shi.

"Hannuna rawa yake yi. Ke tsamo."

"Ma, in ya fashe fa?"

"Sai mu sake shuka."

Bai fashe ba, Mashkura kuma ba ta tafi ba. Thaddeus mai kula da injuna yana wurin, har yau yana rantsuwa cewa hannun Dokta ko motsi bai yi ba.

Dokta, ke ce mai haƙurin dafa dutse, kika kuma bar wa wata romon. Abin yana taɓa mini zuciya, ba zan ɓoye ba. Maganin bai fito ba tukuna, wataƙila in ya fito ba a ambaci sunanki ba, amma ɗakin yana buɗe.

Mun gode, Dokta, Allah ya saka da alheri. Duk wanda Allah ya ba sana'a, ya yi koyi da ke, ya miƙa ta tun hannunsa bai fara rawa ba.