Hanyar Gida a Tirelar Ya'u

Ya'u direban tirela ne, mutumin Gumel. Shekara goma sha bakwai yana sauke shanu a mayankar Trans-Amadi da ke Fatakwal. Ba shi da yawan magana, sai goro da tsaki. Amma duk wanda ciwo ya kayar a mayankar, Ya'u ake nema, don in motar za ta koma Arewa fayau, kyauta yake ɗaukar marasa lafiya. Mutanenmu kuwa kun san halinsu: da jiki ya ƙi, ba mai tambayar ina asibiti, sai dai a ce a kai shi gida.

Wata Laraba da hantsi, Baba Gimba, tsohon mahaucin da ya fara ba Ya'u masauki a garin, ya ajiye wuƙa ya dafe ƙirji. Gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na hagu ya yi nauyi. Wani ya ce olsa ce, wani ya kawo ruwan sanyi.

"Ya'u, kai ni gida," in ji Baba Gimba. "Kada in mutu a garin mutane."

"In sha Allahu, Baba, jibi kana ɗakinka."

Ya zaunar da shi a gaban mota, ya tokara masa filo. Ba su yi minti ashirin ba suka wuce ƙofar wani babban asibiti. Ya'u ya ga ƙofar da idonsa, ya ƙara wuta, don a ganinsa taimako yake yi.

Bayan sun wuce garin Aba tsohon ya daina amsa magana. Ya'u ya tsaya a wani ƙaramin asibiti a bakin hanya, ya sungume shi ya shiga. Likitan ya duba ya ce bugun zuciya ne, rai ya yi halinsa. Da ya ji tun yaushe ciwon ya fara, ya girgiza kai.

"Awa huɗu? Da a awar farko aka kai shi asibiti, da wataƙila an cece shi."

Ni dai ban ga laifin Ya'u ba, abin da ya taso ya ga ana yi shi ya yi. Amma shi bai yafe wa kansa ba har yau.

Gawa ba ta jiran tafiyar kwana biyu. Hausawan kasuwar shanu ta Lokpanta, da ke gaba a kan hanyar, su ne suka yi wa Baba Gimba sallah bayan la'asar, suka binne shi a can. A duk sahun, Ya'u kaɗai ya san sunansa.