Kan Amarya a Hannun Kande

Rahamatu tana tsakar gidanta a Bodinga tana wanke tukwanen biki wayarta ta yi ƙara. Jiya aka kai amarya, gidan duk a hargitse yake. Ta goge hannu a zani ta ɗauka. Maniru ne daga Shagari, ɗan aminiyarta Kande mai kitso.

"Inna Rahamu," ya ce. "Inna ta cika ɗazu. Ana shirin kai ta."

Rahamatu ta yi salati ta zauna a kan turmi. Ruwan wanke-wanke yana bin ƙafarta, ba ta ma sani ba.

Tare suka tashi a Lambara, katanga ɗaya ta raba gidajen iyayensu. A kan Rahamatu Kande ta koyi kitso, tun suna tallan gyaɗa, kuma Rahamatu ta sha kuka kafin hannun ya faɗa. Aure ya kai ɗaya Bodinga, ya kai ɗaya Shagari, amma bai raba su ba. Da mijin Kande, Mode, ya rasu, da kitso da lalle ta riƙe gidan har Maniru ya zama magidanci mai rumfar albasa a kasuwa.

An san Kande da kitso mai tauri. Idan ta yi wa mace shuku, sai ta kwana biyu ba ta iya dariya sosai, amma kitson zai daɗe bai tsufa ba. An kuma san ta da riƙe baki. Ta ga ƙwarƙwata a kan matan manya, ta ga sanƙo, ta ga furfurar da ake ɓoyewa da tabon da ba a son tambaya, babu wanda ya taɓa ji daga wurinta. Labarin nan ma, amaryar ce, Zahra'u, da kanta ta ce a ba da shi.

Bara hawan jini ya kayar da Kande a bakin murhu. Ta tashi, Allah ya sa, amma hannun dama bai dawo daidai ba. Yana riƙe abu, ba ya damƙewa. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da sabon kitso a ƙarƙashin ɗankwali, na wani hannu. Kande tana ganin tudun kitson ta san ko na wace ce. Wata rana ta sa Maniru ya ɗauke 'yar kujerar da take zama a kai ya ɗora a bisa rumfa.

"Na gama, Rahamu," ta ce. "Yanzu ni mai cin tuwo ce kawai."

Wannan maganar ta tsaya wa Rahamatu a rai. Ta san ba hannun ne zai kashe ƙawarta ba, zaman banza ne.

Ana saura 'yan kwanaki bikin Zahra'u, ɗiyar ƙanen Rahamatu da ta riƙe tun tana ƙarama, yarinyar ta tafi Sakkwato da ƙawayenta wani shagon gyaran gashi. So take gashin ya ɗan yi ruwan ƙasa, kamar yadda ta gani a waya. Aka shafa mata man da ke cire baƙin gashi. Da aka wanke, sai ga kai kamar an tsoma shi a manja, bakin gashin kuma yana karyewa a hannu. Masu shagon suka ba da haƙuri, suka ce gashin ya sha shamfo da yawa, ba zai ɗauki wani magani yanzu ba, sai ya huta. Biki kuwa ba zai jira ba, ga dangin ango za su zo buɗar kai.

Zahra'u ta shige ɗakin Rahamatu ta cire hijabi tana kuka.

"Gwaggo, na shiga uku. A aske shi kawai."

Rahamatu ta dubi kan. Sai ta ce, "Ɗauko mayafinki, Shagari za mu."

Suka tarar da Kande a tabarma tana tsince wake da hannun hagu. Da aka buɗe mata kan, ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, mi anka yi ma kan ga? Ko miyar taushe anka zuba miki?"

Zahra'u ta fashe da dariya cikin kukan. Kande ta juya wajen Rahamatu fuska a ɗaure.

"Ke kuma kin san ban da hannu. Don mi kika kawo min ita?"

"Don ban san wata ba."

"Akwai Jamila a bayan masallaci."

"Jamila za ta zuba baƙin dayis gashin shi zube, kafin magariba kuma Shagari da Bodinga duk sun ji. Kanki nake so, ba hannunki ba. Hannu ga nawa."

Kande ta ture faifan wake. Ta ce a miƙo mata mataji.

Ba ta fara da kan ba. Gashin da ya biyo matajin ta tara, ta raba shi ƙulli-ƙulli a kan murfin kwano. Ta aika aka samo garin lalle, da garin baba, ganyen nan da masu rini ke yin shuni da shi. Ƙulli ɗaya ta shafa masa baba zalla, ɗaya kuma lalle. Da suka jima aka wanke, na baban ya fito kore shar kamar gansakuka.

"Kin gani?" ta ce wa Zahra'u. "Da mun yi gaggawa, da tsanwan kai za ki shiga ɗakin miji. Gashin da anka cire ma baƙi ba shi da gindi. Sai an ba shi ja tukuna, sannan baba shi samu wurin zama."

Rahamatu ta kwaɓa lallen da ruwan tsamiya mai ɗumi. Kande tana tsaga gashin da tsinke a hannun hagu, Rahamatu tana shafawa, ana yi mata faɗa.

"Daga tushe, Rahamu! Ba yaɓen katanga kike ba."

Aka ɗaure kan da leda har la'asar. Da aka wanke, ja ya ƙaru, ya koma kamar garin tattasai. Zahra'u ta leƙa fuskar wayarta ta ƙwalla ƙara. Rahamatu ta saci kallon ƙawarta. Idan abin nan ya lalace, ta san kujerar ba za ta sake saukowa daga rumfa ba, kuma ita ce ta jawo. Kande ko gezau. Ta karɓe wayar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"A gidana ba a duban kai sai an gama. Ku ci tuwo ku kwanta."

Washegari da hantsi aka kwaɓa baban da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Kande ta ce ba ya jira, ana kwaɓawa ake shafawa. Ganin Rahamatu tana nawa, sai ta tsoma hannun daman nan a kwano ba tare da ta lura ba, ta shiga cusawa a ƙeyar yarinyar. Rahamatu ta gani, ta kawar da kai, don kada ta yi magana hannun ya tuna da ciwonsa.

Da aka wanke wajen azahar, gashin ya fito baƙi mai taushi, idan rana ta taɓa shi sai ya ɗan yi launin dabino. Kande ta shafe shi da man shanu. Sannan ta ɗaga murya.

"Maniru! Sauko min da kujerata."

Ita ta yi kitson amarya da kanta, zane ƙanana, a hankali, tana hutawa tana ci gaba. Gumi ya jiƙa mata riga. Rahamatu ta miƙa hannu za ta taya, aka buge hannun.

"Gashin ga ba shi son ja," in ji Kande. "Da hannuna na da ne, da na tsinke shi duka. Wanga raggon hannu shi ad daidai da shi."

Da aka gama ta miƙa wa Zahra'u wayarta. Yarinyar ta duba, ta sake dubawa, sai ta durƙusa ta kifa kai a cinyar Kande. Kande ta tattara gashin da ya zuba ta ƙulle a tsumma ta ba ta, ta ce ta binne da kanta, gashin amarya ba ya kwana a gidan wani.

Kande ba ta iya zaman mota, don haka ba za ta je bikin ba. Amma ta rako su har zaure tana dafa bango, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Allah ya jiƙan Kande, ya sa ta huta. Ranar nan fuskarta kamar ta amarya.

Zahra'u ta yi gaba wajen titi. Kande ta riƙo gefen mayafin Rahamatu.

"In kin koma, ki gaya ma matan Bodinga na buɗe."

"Za su cika miki gida."

"Su cika. Amma su zo da haƙuri, hannu guda da rabi gare ni."

"To ni za a fara yi wa."

"Ke? Da wagga furfura da nake hange tun daga nan? Sai kin sha lalle tukuna. Ki gama bikinki ki zo."

"Ina gamawa zan zo."

"Ki taho da tsamiya, tawa ta ƙare."