Motar da Aka Gina da Ƙofofi

A gidanmu na zangon Salaga, da an idar da magariba Kaka takan hura wuta a tsakar gida, ta jera doya a bakin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Can a zaure kuma ƙanin babana, Baffa Sule, yana tare da abokansa direbobi, zancensu kullum ɗaya ne, mota. Wannan ya ce mai dogon hanci ita ce sarauniya, ko hanyar Yendi ta zama kunu da damina sai ta wuce. Wancan ya ce ai tsohon yayi ce, sabuwar da ta sauka Kumasi mai gajeren hanci ta fi ta ɗaukar kaya, sai dai talaka ya kalla ya haɗiye yawu. Baffa Sule ko taya bai taɓa mallaka ba, amma tun daga bayan gari yake gane kukan kowace.

Wajen lokacin da Turawa ke shirin tafiya ne ya kafe sai an sayar da shanun gado a saya masa sabuwar. Shanun nan kuwa su ke riƙe gidan duk shekarar da kasuwar goro ta mutu. Da yamma sai Kaka ta gyara zama, ta ce ga wata tatsuniya nan ta zo mana, ta ɗaga murya yadda za a ji har zaure.

Wai wani mai jakuna ne a Bawku ya ga hoton mota a shagon wani Bature, ya kasa barci. Ya sayar da jakunansa kaf ya aika a kawo. Ashe bai san babbar mota ba ta zuwa da jiki ba. Kai ne da inji da ƙasusuwan ƙarfe, sai kafinta ya gina mata jikin katako. Shi kuwa ba abin da ya rage masa. Sai ya cire ƙofar ɗakinsa ya kai wa kafinta, ya cire ta matarsa, ta rumbu, har ta zaure.

"Ku ji min mota, 'yan nan," in ji Kaka, tana juya doya. "Ko'ina ƙofa. Fasinja ya jingina sai ta buɗe, ya hango tsakar gidan mutumin, ga matarsa tana tankaɗe, ga akuya a cikin rumbu."

Haka motar ke sauka dutsen Gambaga, tana ƙamshin hayaƙin gida, tsuntsaye na binta. Da ya dawo Bawku, ya tarar iyalinsa sun tattara sun koma inda ake rufe ƙofa.

Can sai muka ji muryar Baffa Sule daga zaure, ƙasa-ƙasa.

"Inna, to motar ta yi gudu?"

"Ta yi, Sule. Ba a taɓa yin mai gudunta ba."

Ba a sayar da shanun ba. Baffa ya shiga tuƙa motar wani, yana jigilar doya daga Kpandai, har idonsa ya yi rauni, bai taɓa samun tasa ba.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka dariya take wa mutumin Bawku. Ni da ko kasuwa sai dole ke fitar da ni, sai da na tsufa, nawa 'ya'yan suka fara zancen ababen hawa, na gane hana ɗanka abin da kai ma kake so ba ƙaramin abu ba ne. Matar nan a ƙafa ta zo Salaga da ƙuruciya, da kaya a ka. Ranar da aka fara miƙa wa Baffa sitiyari, tun da asuba ta ɗaura zanenta mai kyau ta shiga gaban motar, ta ce a kai ta Yendi. Kuma ba ta da kowa a Yendi.