Lakar da Ke Cikin Motar Yaya

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni, amma ni hannuna bai taɓa zama da wuƙa ba. Don haka da yayana ya sayi mota, tuƙi ya faɗo kaina. Shi ke sayen shanu a kasuwannin ƙauye, ni ke kai shi in dawo da shi Garuwa, wani lokaci da maraƙi ɗaure a baya. Motar a-kori-kura ce fara, ta hannu, irin wadda muke kira katkat: idan hanya ta ɓaci sai ka murɗa wani maɓalli kusa da giya, tayoyin nan huɗu su ja tare. Dillali ne ya kawo ta daga arewa, ya ce daga wajen Kolofata. An yi mata sabon fenti, an sake kujeru. Ni dai tun ranar farko na ji wani wari a ciki, ba mai ƙarfi ba, kamar na randar da aka daɗe ba a wanke ba. Yaya ya ce warin sabuwar kujera ne.

Duk rani lafiya lau muka yi da ita. Da damina ta matso, iska ta yi nauyi, sai ta fara.

Muna dawowa daga kasuwa da rana tsaka, a kan kwalta, na ji ƙas daga ɓangaren da Yaya ke zaune. Fitilar katkat ta kama a gabana, sitiyari ya yi tauri. Da na zo shan kwana, tayoyin suka riƙa kuka suna kartar titi.

"Me ka taɓa?" in ji Yaya.

"Yaya, ga hannuwana biyu a kan sitiyari."

Ya dubi maɓallin. Yana nan inda yake, ba wanda ya murɗa shi. Na lallaɓa da ita har gida.

Daga nan ta mai da abin ɗabi'a. A kan kwalta, inda ba a bukata, ta shiga katkat da kanta. A cikin yashi, inda ake bukata, in murɗa in murɗa, fitilar ta yi ta ƙiftawa, ta ƙi. Amma ranar da abin ya taɓa ni sosai, motar a tsaye take a ƙofar gida. An idar da azahar, unguwa tsit saboda zafi, makulli yana cikin aljihuna. Ina wucewa ta gefenta na ji ƙas, sannan wani ɗan gurnani daga ƙarƙashinta. Ya tsaya. Ya sake. Ya tsaya. Ya sake. Daidai yadda take yi idan mutum yana ciki yana ta murɗa maɓallin cikin gaggawa. Na kifa hannu a gilashi na leƙa. Babu kowa, kujeru ne kawai da hular Yaya.

Yaya ya kira malaminsa, aka yi tofi a ruwa aka yayyafa wa kujeru da tayoyi, aka turara ta. Ban yi dariya ba, ni na riƙe kaskon turaren ma. Washegari ta sake yi.

Sai na kai ta wurin wani mai gyaran wayar mota, can kusa da gadar Benuwe. Dogon mutum ne mai furfura, Patron ake ce masa, wato maigida, ya daɗe yana aiki a garejin kamfanin auduga kafin ya buɗe nasa. Hausarsa ba ta da yawa, don haka muka riƙa haɗawa da Fillanci da Faransanci. Na faɗa masa komai, har da na ƙofar gida.

"Makulli a aljihunka?"

"A aljihuna, Patron."

Ya buɗe motar. Ya fara da fis, ya ciro su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su sama yana dubawa, duk lafiya. Ya cire maɓallin ya auna shi da mita, shi ma lafiya. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, inda wani ƙaramin moto yake manne da akwatin giya, shi ne ke tura ƙarfi zuwa tayoyin gaba. Ya ba shi wuta kai tsaye daga batir, na ji ya yi gurnanin nan da na sani.

"Wannan ba shi da laifi," ya ce daga ƙasa. "Abin da aka ce masa yake yi. Saura mu ga mai ce masa."

Ya ɗauko na'urar gwaji, wadda suke kira valis, ya jona ta a ƙasan sitiyari. Injin ya amsa mata, birki ya amsa. Da ta nemi ƙwaƙwalwar katkat, wato ɗan akwatin da ke karɓar umarnin maɓalli ya aika wa moton, sai ta amsa ta yanke, ta amsa ta yanke. Ya bi wayoyin da mita har zuwa bakinta, wuta tana isa, ba inda ya tsinke. Ya ce to, matsalar a cikin akwatin take.

Akwatin yana bayan durowar gaban fasinja, a can sama. Patron ya kwance durowar, ya zura hannu, sai ya tsaya. Ya fito da hannun a hankali. Yatsunsa duk busasshiyar laka ce, ja, mai laushi kamar gari.

"Zo ka gani, direba."

Ya haska tocila. Duk abin da ido ke gani a motar an wanke shi tas, amma nan ciki ba a kai hannu ba. Laka ta kwanta a kan kowane ƙarfe, ta cika kowane lungu, da guntayen ciyawa, da ƙananan bawon katantanwa farare. Ya ɗaga rufin da ke saman kujera kaɗan, nan ma ita ce. Na auna da idona. Ashe motar ta taɓa nutsewa a ruwa: in mutum yana zaune a kujerata, ruwan ya shanye kansa ya wuce.

Ya kwance akwatin, bai fi tafin hannu ba, ya buɗe shi a kan tebur. Allon da ke ciki ya yi tsatsa kore, laka ta haɗe ƙananan hanyoyin wutar da bai kamata su haɗu ba. Ya ce da rani lakar a bushe take, ba ta komai. Da iska ta ɗauko danshi sai ta jiƙa, wuta ta bi ta cikinta, akwatin ya ba da umarnin da ba wanda ya ba shi, ko da makulli ko babu.

Bayani ne mai kyau, kuma na yarda da shi. Amma na tambaye shi me ya sa kullum umarni ɗaya akwatin yake bayarwa, na shiga katkat, ba na fita ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya tura mini akwatin, ya ce in tafi da shi, ba ya son ya kwana masa a shago.

Sabon akwatin bai samu a Garuwa ba, sai da aka aiko da na hannu daga Duwala, lambar jikinsa daidai da ta tsohon. Patron ya cire kan batir, ya busa lakar da iska, ya wanke bakin wayoyin, ya ɗaura akwatin, ya share tsofaffin laifuffukan da valis. Muka gangara yashin bakin kogi. Na murɗa, fitila ta kama ta tsaya cak, motar ta haye kamar ba yashi. Na mayar, ta saki. Tun daga ranar ba ta sake yin komai da kanta ba.

A ƙarshen daminar muka je kasuwar shanu ta Adumri. Yaya ya shiga cikin dillalai, ni ina zaune a inuwar motar, sai wata tsohuwa mai tallan nono ta tsaya a bayanta. Ta daɗe tana kallon wani ƙarfe da ya lanƙwashe a ƙasan bodi, har ta kai hannu ta shafa shi.

"Ɗana, ashe ta tashi?" ta ce da Fillanci.

"Kin san ta ne, Daada?" na ce, yadda ake kiran uwa da Fillanci.

Ta ce a jikin ƙarfen nan aka ɗaura sarƙar da aka jawo motar da ita, tana tsaye tana kallo. Ta je ganin 'yarta da ke aure a arewa, ƙauyen yana bakin mayo, irin rafin nan na yashi da ke cika da damina. Rana tana haske, ko ɗigo bai sauka a garin ba, ashe an yi ruwa a kan duwatsu. Mutane suka yi wa direban motar nan ihu, bai ji ba, ya shiga rafin. Yana tsakiya tayoyinsa suka nutse, ruwan kuma ya iso. Ta ce suna hango shi ta gilashi, bai ko dubi ƙofa ba, ya sunkuya yana ta fama da wani abu kusa da gwiwarsa.

Da ruwa ya janye aka jawo motar da tarakta. Ƙofofi a rufe, gilashin gefensa a sauke rabi, ba kowa a ciki. Wasu suka ce mutum zai iya fita ta nan, wasu suka ce ba zai iya ba. An bi mayo har nesa ana nema. Baƙo ne, ba wanda ya san daga ina ya fito.

Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta shige cikin mutane.

A hanyar gida na gaya wa Yaya. Ya janye ƙafafunsa daga ƙarƙashin durowar ya naɗe su a kan kujera. Ranar Juma'a ya ware cinya guda a cikin naman da aka yanka, ya tambayi liman yadda ake yi wa mutum sadaka alhali ba a san sunansa ba, ba a ma tabbatar ya rasu ba. Liman ya ce ya yi niyya kawai. Muka yanyanka naman, muka zuba a leda, na bi gidajen unguwa da ƙafa ina miƙawa.