Godiyar Inna ga Tsohuwar Suwidin

Yayana, ɗan farin Inna, yana karatu a Suwidin ciwon huhu ya kwantar da shi. Mu da ke Boɗinga ba mu ji ba sai da ya miƙe. Tsohuwar da yake haya a gidanta ce ta kai shi asibiti, ta yi jinyarsa har ya warke.

Inna ta ce sai ta gode mata da bakinta. Wata Juma'a bayan la'asar ta yafa sabon mayafi, ta zauna gindin rumbu inda waya ta fi kamawa. Ni na kira Yaya ta bidiyo na riƙe wayar, domin Inna ba ta kiran sunan Yaya, ba ta ma yi masa magana sai ta bakina.

"Tambaye shi, mi suka ce ma matar aure can?"

Yaya ya ce akwai wata kalma, fru, amma an daina. Yanzu ko likita da sunansa ake kiransa. Ya taɓa gwada ta, tsohuwar ta ce sai ta ji kamar marigayiya surukarta ake nema.

"To in ce Hajiya?"

"Ba Musulma ba ce, Inna," in ji Yaya.

"Uwar wa ta?"

"Ba ta haihu ba. Sunanta kawai take so."

Inna ta ce ai matar ta girme ta, bakinta ba ya iyawa.

Muna cikin haka fuskar tsohuwar ta bayyana, gashi fari fat. Ta dafa ƙirji, ta faɗi sunanta, ta nuna Inna tana jira. Yaya ya ce sunan Inna take tambaya. Ya dube ni, na dube shi. Babu wanda ya taɓa furta shi a cikinmu.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Sannu," ta ce. "Sannu da wahala. Allah shi saka." Ta yi ta maimaitawa tana hawaye. Tsohuwar na murmushi, tana sake dafa ƙirji, a zatonta ba a ji ba. Hannuna ya gaji, na rasa wadda zan taimaka wa. Sai hoton ya tsaya, layin ya yanke.

Da shekara ta zagayo Yaya ya koma wani gari, ba mu sake ganinta ba. Inna na sa ta a addu'a, takan ce "baiwar Allah wagga da ta riƙa muna yaro".