Tarin da Ke Cikin Waƙa ta Uku

Mai Jita dai da kaset ɗinsa na farko aka san shi, wanda ya ɗauka a ɗakinsu na haya tun yana gyaran rediyo. Ɗaki ɗaya ne, labule ya raba shi biyu. Shi yana gefe da jitarsa da rikodar aro, matarsa tana kwance bayan labule da jaririyarsu, ciwon ƙirji ya hana ta sakat. Ana tsakiyar waƙa ta uku sai tari ya ƙwace mata. Ya tsaya cak.

Ta ce, "Ci gaba mana, malam, ai ba mutuwa na yi ba."

Ya yi dariya, ya ci gaba. Rikoda kuwa ta kwashe duka.

Kaset ya karɓu, ka shiga shagon aski shi ne, ka hau mota shi ne. Matar kam ko bugu na biyu na kaset ɗin ba ta gani ba, Allah ya yi mata rasuwa. Ya yi wasu bayan nan a situdiyo mai sanyi, ba wanda ya kama ƙafar na farkon, bai kuma damu ba. In kewa ta taso, waƙa ta uku yake sawa, har zaren ya tsinke. Aka daina yayin kaset, ya nemi wani a kasuwa ya rasa.

Yana da furfura kamfanin da ya buga kaset na farkon ya aiko, wai za su sake fitar da shi. Ya sa rigarsa ta fita, ya ce wa 'yarsa, "Taso, yau za ki ji muryar uwarki."

Mai haɗa sauti ya tarbe su da fara'a. "Baba, mun wanke maka shi tas. Har wata mata da ke tari tana surutu, mun cire ta."

"Na asalin fa?"

"Ai ya ruɓe, Baba. Muna gama kwafa muka zubar. Amma dariyarka mun bar ta, wallahi ta yi daɗi."

Mai haɗa sautin ya kunna waƙa ta uku. Jita ta tsaya, shiru ya biyo, sai ga wani saurayi yana dariya shi kaɗai.

'Yar ta matso da kunne. Ta ce, "Baba, an zo wurin?"

Ya ce, "An wuce."