Sawun da ke Tsayawa a Ƙofarmu

Wata Asabar ce cikin damina, ina aji huɗu a firamare, na fito da tsintsiya da sassafe na tarar da sawun takalmin namiji a jiƙaƙƙiyar ƙasar gidanmu na haya a Chaza. Ya taso daga zaure, ya bi gefen rijiya, ya tsaya a ƙofar ɗakinmu, inda takalman Baba suke ajiye da ɗanyen taɓo a jikinsu. Lokacin Baba ya kusa shekara da rasuwa.

Bayan rasuwarsa muka tare a gidan, ba wanda ya san mu. Idan maƙwabta suka tambayi Umma maigidan, takan ce yana hanya. Ni ba mai magana ba ce, sai na riƙa lura kawai. Duk ranar da aka kwana ana ruwa sai na ga sawun, dunduniyar hagu ta fi nutsewa, yadda Baba yake takawa. Nakan share ko'ina in kewaye wurin. Idan yara suka zo zana 'yar gala-gala, nakan ja su can baya. Masu aiki a Abuja sukan fice tun da duhu, gidan ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga kwano, ni kuma in tsuguna ina kallon takalman ina jiran su motsa. "Kada ki taɓa su," iyakar abin da Umma take cewa ke nan.

A shekarar ne ta nemi tallafin wata ƙungiya mai mayar da iyaye mata marasa miji makaranta. Da cikina ta bar kwalejin ilimi, kuma tun da Baba ya tafi take cewa in ba ta koma ba, a wankau za mu ƙare. Sharaɗinsu shi ne babu miji a gida, kuma za a zo a duba ba sanarwa.

Matar da suka aiko ta zo da hantsi. Ta kalli takalman, ta bi sawun da ido har zaure. Wata maƙwabciya mai tsinke alayyafo ta ce ai maigidan direba ne, yakan leƙo. Matar ta ce sun sha ganin masu ɓoye miji, ta gyara jakarta za ta tafi. Umma ta dubi matan gidan da suka firfito, sannan ta ce:

"Ni nake sa su da asuba, Madam. Mace ita kaɗai a gidan haya, in ba a ga alamar namiji ba, ƙwanƙwasa ƙofa ba ta ƙarewa."

Matar ta ce ta sa su ta gani. Umma ta zura ƙananan ƙafafunta, ta taka har rijiya tana danna hagu, kafaɗarta ta karkace. Tafiyar Baba ce sak. Matar ta sunkuyar da kai, ta ce wa Umma ta shirya komawa aji. Na fashe da kuka, suka ɗauka murna ce.

Yau Umma malama ce, ɗakinta da ƙofar ƙarfe, ba ta buƙatar yi wa kowa ƙarya. Ni kuwa har yanzu nakan yi kewar safiyoyin tsoron nan. A cikinsu ina da uba mai zuwa gida.